Baƙin keke, na gwanjo mai giya, ko mai batir: wanne zai kai ka aiki a Kano?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin zirga-zirga ya rikice wa kowa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu a gidajen mai da yawa. Mai ɗaukar naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, in sai ya hau Adaidaita Sahu biyu kafin ya isa wurin aiki, ya kuma hau biyu ya dawo, ba ya bukatar a gaya masa inda albashinsa ke zurarewa. Shi ya sa kekunan da suka shekara a jingine a zaure suka dawo titi, kuma magidancin da a da zai ji nauyin a gan shi yana taka feda, yau abin da yake tambaya shi ne wane iri zai saya.

Amsata a taƙaice ita ce: sayi keken da mai gyaran unguwarku zai iya tayar da shi a yinin da ya lalace. Kyan fenti da yawan giya duk suna bayan wannan. Amma da yake hanyar kowa da kayan da yake ɗauka sun bambanta, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Baƙin keke, na iyaye da kakanni

Wannan shi ne wanda har yau wasu ke kira Rali ko da ba kamfanin Raleigh na Nottingham ta Ingila ne ya ƙera shi ba. Kamfanin ya yi zamani a ƙasar nan, har masana'anta ya yi a Kano, amma yawancin baƙaƙen kekunan da ake samu sababbi yanzu 'yan Sin ne irin su Phoenix na Shanghai, ko 'yan Indiya irin su Hero da Avon na garin Ludhiana. Ƙirar dai ɗaya ce: jikin ƙarfe, babbar taya mai lamba 28, birkin sanda maimakon na waya, giya ɗaya tak, madigadi gaba da baya, kariya mai faɗi, da sirdi mai sifirin a ƙasa.

Wannan keke jaki ne, kuma yabo nake nufi. Za ka ɗaura masa buhun masara, ko jarkokin ruwa, ko ka ɗora yaro a kariya ka kai shi Islamiyya, bai ce uffan ba. Nauyinsa yakan kai kilo 20 ko ya ɗara, amma Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. In ka cire Dala da Goron Dutse, waɗanda ba wanda ke bi ta kansu zuwa aiki, hawan da ya rage sai na gadojin sama. A miƙaƙƙiyar hanya nauyi ba ya cutar da mahayi sosai. Da zarar keken ya ɗauki gudu, shi ke tafiya da kansa. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai yi kilomita 12 zuwa 15 a awa ba tare da ya jiƙe da gumi ba, wato tafiyar kilomita 10 ba za ta wuce minti 40 zuwa 50 ba.

Akwai abu biyu da masu sha'awar keken zamani ba sa lissafawa. Na farko, zama. A kan baƙin keke a miƙe kake, kanka a sama, kana hango abin da ke faruwa gaban motar da ke gabanka, su ma direbobi suna ganin ka. Na biyu, sutura. Mu ba da gajeren wando muke zuwa ofis ko kasuwa ba. Murfin da ke rufe sarƙar baƙin keke shi ke hana ta cafke ƙafar wando ko gefen doguwar riga, madigadi kuma shi ke hana ruwan kwata zana maka layi a gadon baya ranar da ka sa farar shadda.

Sai maganar gyara, wadda a nan ne ya yi wa sauran fintinkau. Babu unguwar da za ka shiga, daga Kurna zuwa Sheka, da ba za ka sami wanda ya san cikin wannan keke ba. Kayansa suna nan birjik, kuma na wannan kamfani yakan shiga na wancan. In jikin ya tsage, mai walda na bakin titi zai ɗinke shi.

Aibinsa babba ɗaya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: birki. Robar birkin sanda tana kama ƙarfen rim ne mai santsi, kuma idan ruwa ya taɓa shi sai ka matse iya ƙarfinka keken yana ci gaba da tafiya. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a tituna, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, balle a gangaren gada da kaya a baya. Masu hawansa da suka daɗe sun san dabarar: tun daga nesa suke ɗan taɓa birki don ya share ruwan kafin a zo wurin tsayawa. Ƙari a kan haka, sababbin da ake kawowa yanzu ƙarfensu bai kai na da ba. Sau da yawa tsohon da aka riƙe da kyau ya fi sabo dal daga kwali, don haka in akwai na mahaifinka a ɗaki, fara kai shi wurin mai gyara kafin ka nufi kasuwa.

Na gwanjo mai giya

Nan ne zaɓin yake da daɗi, nan ne kuma ake yawan ƙonewa. Kekunan da aka hau a Turai, Amurka ko Japan ake lodowa a kwantena, kuma a tsibi ɗaya za ka tarar da wanda ya fi duk wani sabon keke da ke kasuwar inganci, kusa da shi kuma wanda ya gama yayinsa tun can.

Amfaninsa a fili yake. Mai jikin alminiyum yakan tsaya a kilo 12 zuwa 14, kusan kashi biyu cikin uku na nauyin baƙin keke. Giya tana sa ka hau gadar Ƙofar Nasarawa ko doguwar gadar Sabon Gari a zaune, ba tare da ka sauka ka tura ba. Tana kuma taimako a wurin da mutane ba sa zato, wato tashi daga tsaye. A danja ko shataletale, sakannin farko da kake ƙoƙarin ɗaukar gudu kana tangaɗi su ne mafi haɗari, kuma giya mai sauƙi tana fitar da kai daga nan da wuri. Birkinsa na waya a kan rim ɗin alminiyum yana kamawa ko da ruwa. Ga wanda ke tasowa daga nesa, a ce daga Mariri ko Rijiyar Zaki zuwa tsakiyar gari kullum, wannan bambanci shi ne tsakanin isa da sauran ƙarfi da isa a galabaice.

To amma kafin ka biya, sunkuya ka karanta lambar da ke jikin taya, don a nan tarkon yake. Tayar baƙin keke da ake kira 28 faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Tayar kekunan Turai da ita ma wasu ke kira 28, wadda ake rubuta wa 700C, milimita 622 ce. Suna ɗaya, amma wannan ba ta shiga rim ɗin waccan. Haka lamba 26: ta keken hawan dutse 559 ce, ta yawancin kekunan Japan masu kwando kuma 590. Mutum zai sayi keke mai kyau da rahusa, taya ta fashe bayan wata biyu, ya zaga kasuwa ya rasa irinta. A cikin duka, 26 mai lamba 559 ita ce ta fi sauƙin samu a kekunan giya. Masu 27.5 da 29 sababbin yayi ne, suna da daɗin hawa, amma tambayi mai sayar da kayan keke ko yana ajiye tayarsu da tub ɗinsu kafin ka ƙulla ciniki.

Duba bakin da ake ba da iska ma. In irin na mota ne, kowane mai faci zai ba ka iska. In siriri ne dogo mai ɗan noti a kai, famfon bakin titi ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa, kuma ranar da ka manta shi a gida turawa za ka yi.

Birki kuma, nemi na waya. Akwai mai faifai da ke aiki da mai kamar na mota. Yana kamawa kamar me, amma ranar da ya yi yoyo ba kowane mai gyara ne ke da mansa ko ya san yadda ake fitar masa da iska ba. Wayar birki kuwa ko'ina akwai. Giya ma haka: in ka ga sunan kamfanin Shimano a jiki kuma faifan giya na baya bakwai ne ko takwas, ka huta, domin sarƙarsu da kayansu sun yawaita. Mai goma sha ɗaya ko sha biyu na masu tsere ne, sarƙarsa siririya ce mai tsada, kuma ƙurar hunturu tana cinye ta da wuri.

Shi jikin keken, tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne, ana iya walda shi. In bai manne ba, alminiyum ne mai yiwuwa, kuma tsagewarsa kusan ita ce ƙarshensa, don mai waldar unguwa ba shi da kayan ɗinke shi. Bi duk mahaɗa da ido, musamman ƙarƙashin wuya da wurin feda, ka nemi siririn layi ko fentin da ya kumbura. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa. Tsaya a gaba ka duba ko ƙafar gaba ta koma ciki, alamar an taɓa yin karo da shi. Sannan ka hau ka canza giya daga farko har ƙarshe. In sarƙa tana tsalle idan ka danna da ƙarfi, sai ka sa kuɗin sabuwar sarƙa da faifan baya a cikin cinikin.

A cikin 'yan gwanjon akwai wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa, wato keken Japan mai kwando a gaba. Matasa na raina shi wai na mata ne saboda ba shi da sandar tsakiya. Amma rashin sandar nan shi ke sa mai jallabiya, dattijo mai ciwon gwiwa, ko 'yar makaranta mai hijabi su hau su sauka ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. Yana zuwa da madigadi, murfin sarƙa, abin jinginewa, makulli a ƙafar baya, sau da yawa har da fitila mai dainamo. Wasu suna da giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura ba ta kaiwa. Ba zai ɗauki buhu kamar baƙin keke ba, kuma ga maganar tayarsa da na ambata, amma ga malamin makaranta ko mai zuwa cefane a cikin unguwa, da wuya a sami wanda ya fi shi.

Wanda zan ce a guje masa kai tsaye shi ne sabon keken nan mai ƙyalli, mai sifirin gaba da tsakiya, mai manyan rubuce-rubuce a jiki, da ake sayarwa a farashin da bai kai na gwanjo mai kyau ba. Sifirin ɗin ba ya tare komai sai shanye ƙarfin da kake takawa, yana ƙara nauyi, yana kuma hana a ɗaura kariya. Giyarsa ta gwangwani ce, wata uku ta fara gardama. Araha ba ta ado.

Mai batir

A kan takarda, wannan ya fi kowanne. Ƙaramin inji mai ƙarfin wat 250 zuwa 350 yana tura ka, kana isa ofis a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, ba tare da rigarka ta manne a jiki ba. Batir mai bolt 36 da amfiya 10 yana ɗaukar wutar da ba ta kai rabin yunit ɗaya na mita ba, kuma yakan kai mutum kilomita 30 zuwa 50 gwargwadon nauyinsa da yadda yake taimakawa da feda. Ko a layin da ya fi kowanne tsadar wuta, kuɗin cajin bai kai na hawa Adaidaita sau ɗaya ba.

Matsalar ita ce cajin yana son awa huɗu zuwa shida a jere, kuma kowa ya san halin wutarmu. In kana da sola a gida ko a wurin aiki, magana ta canza. In babu, wata rana za ka wayi gari da keke mai kilo 25 da mataccen batir, wanda taka shi ya fi taka baƙin keke wahala. Batirin lithiyum kuma ba ya shiri da zafi. Ajiye shi a rana kullum yana rage masa kwana, kuma ko an lallaɓa shi, bayan 'yan ɗaruruwan caji ƙarfinsa yana ja baya. Sabon batir shi ne kaso mafi tsada a keken gaba ɗaya, don haka na gwanjo mai batir ciniki ne a duhu: ba ka san sau nawa aka caja shi ba. Ga kuma gobara. Batirin da aka haɗa da hannu ko aka caja da cajar da ba tasa ba yana iya kamawa da wuta, saboda haka ba a barin shi a jone a ɗakin da ake kwana. Masu gyaransa kuma har yanzu ƙalilan ne. Ni dai ina ganin na mai sola ne, mai doguwar hanya, wanda ya sayi sabo a wurin da zai iya komawa in ya sami matsala.

Titin da za ka hau

Kowanne ka zaɓa, titi ɗaya za ku raba da sauran. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ne ya mamaye gari, kuma wurin cin abincinsa shi ne gefen dama na titi, daidai inda mai keke yake bi. Direban yana kallon mai tsayar da shi ne, ba madubi ba. Da an ɗaga masa hannu zai yanko gabanka ya taka birki. Wannan kaɗai ya isa ya sa ingancin birki ya zama abin farko da za ka duba, kuma shi ya sa duk wanda hanyarsa ta bi ta Titin Zariya, Titin Katsina ko Murtala Mohammed Way nake karkata shi zuwa na gwanjo mai birkin waya. Mai bin lunguna da ƙananan tituna, inda gudu ba ya yawa, baƙin keke ya ishe shi.

Kada ka manne da bakin kwata. Can yashi yake taruwa, can fasassun kwalabe da ƙusoshi suke, kuma in aka matse ka ba ka da wurin kaucewa. Bar kamar taku ɗaya tsakaninka da gefen, haka ma tsakaninka da motar da ke fake, don ƙofa na iya buɗewa ba sallama. Tirela da tifa kuwa, kada ka taɓa shiga ta damansu a kusa da kwana. Direban ba ya ganin ka, kuma ƙafafun baya suna yanke kwanar fiye da na gaba. Sai ɗabi'ar nan ta bin hannun da ba naka ba wai don ka riƙa ganin motar da ke zuwa. Mai fitowa daga layi yana duba inda motoci ke tahowa ne kawai, ba ya tsammanin wani daga ɗaya ɓangaren, kuma in aka yi karo, gudunka da nasa ne suke haɗuwa.

Fitila ba ado ba ce. Fara a gaba, ja a baya, ko da ƙananan nan ne masu caji da wayar salula. Tsakanin Disamba da Fabrairu, in hazo ya sauka, mai baƙin keke da tufafi masu duhu bayan Magariba kusan ba ya ganuwa. Hular kwano ma za a yi maka dariya a majalisa kwana biyu, daga nan a saba. Masu shekaru za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har wata bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan hanyar aiki. An yi ta barkwanci da abin, amma matsalar da ya ci karo da ita tana nan: an gina titunanmu ba a sa mai keke a lissafi ba. Wanda ya je Tamale ta arewacin Gana ya ga yadda aka ware wa kekuna layinsu a gefen manyan tituna, maza da mata suna bi hankali kwance. A Kano gadoji muka samu, kuma a yawancinsu ya fi wa mai keke alheri ya bi ta ƙasa in akwai hanya.

Abin da ya rage mana shi ne juna. Da sassafe a hanyoyin Sharaɗa, Challawa da Bompai za ka ga ma'aikata suna tafiya rukuni-rukuni, kuma direba yana ganin mutum biyar a jere fiye da yadda yake ganin ɗaya. In akwai maƙwabcin da hanyarku ɗaya, ku riƙa fita tare, ko ba komai in taya ta sace akwai mai tsayawa. Rumfar mai faci kuwa ita ce ofishin masu keke. A nan za ka ji wace taya ce ke jure ƙaya, wane layi ne ruwa ya cinye, wa ke son sayar da nasa, wane keke aka sace jiya a ƙofar masallaci. Satar ma tana cikin lissafin zaɓi: mai giya mai ƙyalli da mai batir sun fi jan ido, tsohon baƙin keke kuwa ba kowa ke waiwayarsa ba. In wurin aikinka ba shi da mai gadi ko inda za ka shigar da shi ciki, wannan ma dalili ne na sayen wanda bai cika kyau ba.

Ranar da za ka je saye, ɗauki mai gyaran unguwarku ku tafi tare, ka biya shi ladan yininsa. Shi zai ga abin da ba za ka gani ba, kuma ba zai bari ka sayi abin da shi kansa ba zai iya kwancewa ba. Kada ka zuba duk kuɗin a kan keken. Ware wani abu don sababbin robobin birki, tub na ajiya, fitilu biyu, ƙararrawa, da sarƙa mai kauri da kwaɗo wadda za ta zagaye jikin keken da wani ƙarfe kafaffe, ba ƙafar gaba kaɗai ba. A daidaita maka tsayin sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, don yawancin ciwon gwiwar masu keke daga sirdin da ya yi ƙasa yake. Sannan ka karɓi rasit, a rubuta lambar da ke buge a jikin keken, wadda galibi take ƙarƙashin wurin feda ko kusa da sirdi, ka kuma ɗauki hotonta a waya.